Ƙofar da Na Tsallake

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin nas a Washington, bikin Kirsimetin da ya riske ni a cikin jirgin ruwa ba zai taɓa fita raina ba.

A tsakiyar shekarun 1980 ne. Ina kula da wata tsohuwar Baturiya, mace mai tsare gida, wadda in ba umarni ba ba ka jin bakinta. Rana ɗaya ta ce kafin ta mutu sai ta ga ƙarshen duniya ta kudu, inda babu komai sai ƙanƙara. 'Ya'yanta kowa ya ce aiki ya riƙe shi, sai aka ce ni in raka ta. Ni da sanyin Jos ma kuka nake da shi.

Amma ba sanyin ne ya fi damuna ba. Tafiyar za ta cinye Kirsimeti, mu kuwa a gidanmu ba a cin abincin ranar a ɓoye. Tun da safe mahaifiyata take jera kwanuka, mu bi maƙwabta gida-gida, Kirista da Musulmi, kowa sai an kai masa. Don haka kafin mu tashi na soya cincin, na cika gwangwanayen madara, na cusa a akwati.

Jirgin cike yake da tsofaffin Turawa masu rataye da kyamara. Kullum a sauke su a ƙananan kwalekwale su je kallon wasu tsuntsaye masu tafiya a tsaye kamar mutane. A teburin abinci hira ta kaina take wucewa. Tun da muka shiga ban sami wanda zan ce wa ko ina kwana ba, har na fara gaishe da kaina a madubi.

Da safiyar Kirsimeti na ɗaura zani a kan wandon sanyi, na kafa ɗankwali, na aro farantai a kicin na zuba cincin, na shiga ƙwanƙwasa ɗakuna. Na farko ya ce su ba su aika a kawo komai ba. Ta biyu ta ɗauka shara na zo yi, ta miƙo mini tawul. Wata ta yi murmushi, ta ce an gode, ta tura ƙofa. Haka na dawo da farantaina yadda na fita da su. Na hau saman jirgi na tsaya ni kaɗai, ga wani dutsen ƙanƙara ya fi cocinmu girma yana wucewa shiru, na yi kuka har fuskata ta daskare.

Da na shiga ba tsohuwar magani sai ta ce, "Na ji kina bin ƙofofi. Me kike sayarwa?"

Na gaya mata al'adarmu, har da cewa ba a mayar da kwano wayam.

"Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki," in ji ta. "Tun safe nake zaune ina jiran ki zo tawa ƙofar."

Ni a wurina uwar ɗakina ce, ko kusa ban lissafa ta cikin maƙwabta ba. Ashe mu biyu muka yini cikin kaɗaici, allon katako ne kawai ya raba mu.

Na kawo mata faranti. Haƙoranta ba ƙarfi, sai ta riƙa tsoma cincin ɗin a shayi, ta cinye tas. Sannan ta ɗauki lemon da ta rage da safe ta ɗora a kai ta miƙo mini.

"Kin ce ba a mayarwa wayam."

Ba ta ga wani Kirsimetin ba. Yanzu a garin Manassas nake, kusa da Washington, kuma duk shekara ina soya cincin. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mai jiran ka ba lallai yana nesa ba. Shi ya sa in na fito da faranti, da ƙofar da ta fi kusa nake farawa.