Tayil ɗin Bakin Ƙofa

Alhaji ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, kuma na yafe masa abubuwa da yawa. Maganar tayil ce kawai na kasa.

Zamanin kuɗin mai ne. Alhaji ɗan kwangila ne, ni kuwa ɗan aikensa, mai riƙe jaka da karanta masa takardun Turanci da ɗan ilimina na firamare. Ya taho da ni London, shi yana flat ɗinsa, masaukinsa na bene a tsakiyar gari, ni aka ajiye ni a unguwar Plumstead wurin wani ɗalibi ɗan garinmu. A lokacin yana gina sabon gida a Kano. Ya taɓa zuwa ƙasar Sifen hutu, ya ga adon gine-ginensu, ya rantse sai an shimfiɗa masa irin tayil ɗinsu a ƙasa, daga bakin ƙofa har ƙarshen zaure. Ɗalibin ya rubuta mini wuraren Sifaniyawa da lambobin bas. Alhaji ya ce in bi su ɗaya bayan ɗaya in kawo masa samfuri.

Na yanki tikitin yini guda, na hau jar bas mai bene. Kafin mu wuce Old Kent Road na laluba aljihuna ya fi sau goma, ko tikitin ya faɗi. Wuri na farko coci ne kusa da Baker Street. Na zagaya shi sau biyu ina shawara da zuciyata ko leƙe ma shiga ne. Da na leƙa, dutse ne tokatoka, babu tayil ko ɗaya. Na biyu wani fili ne mai gunkin wani janar na Kudancin Amurka, tattabaru sun ɓata masa kafaɗa. Ɗalibin ya sa shi cikin jerin don wai harshensu ɗaya da Sifaniyawa. Na tsaya cikin yayyafi ina kallon gunki, ina tsine wa karatun da ba ya bambanta mutum-mutumi da kayan gini.

Bas ta uku ta kai ni Portobello Road. Nan ne unguwar Sifaniyawa ta gaske, da makarantarsu da shagunansu, tsofaffin mata cikin baƙaƙen kaya suna ciniki da harshe mai gudu. A wani shago cinyoyin alade ne a rataye reras, na wuce na ɗauke numfashi, na tattare rigata. Can ƙarshen layi na sami wani tsoho mai sayar da tukwane da tayil.

Ya miƙo mini ɗaya, shuɗi da kore, zanen ya sarƙe kamar dagi. Na ce a raina Alhaji zai so wannan. Ina juya shi sai idona ya tsaya. Alif, lam, lam, ha. Na yi allo kafin na yi boko, ba zan ɓata waɗannan ba ko a mafarki. Sunan Allah ne, an saƙa shi cikin furanni. Na tambayi tsohon, Turancina gurgu nasa gurgu. Ya ce daga bangon wata tsohuwar fada ta kudancin ƙasarsu aka kwaikwayo, Musulmi ne suka gina ta.

Na naɗe shi da hankici, na sa shi a ƙirji cikin kwat. A bas ban yarda ya sauka ko cinyata ba. Ga fitsari ya matse ni tun daga wurin gunkin. Na ga banɗakin jama'a, amma yaya zan shiga da shi? Wa kuma zan bar wa a waje? Haka na riƙe har flat ɗin Alhaji.

Na tarar da shi da baƙi biyu suna shan shayi. Na miƙa masa tayil ɗin, ya karɓa, ya yaba, ya ajiye shi a kan kafet, ya ɗaga ƙafa zai gwada. Ban san lokacin da na fizge shi ba.

"Ranka ya daɗe, sunan Allah ne a jiki."

"Zane ne," in ji shi. "Me Bature ya sani da sunan Allah?"

"Ranka ya daɗe, duba nan. Ga alif, ga lam."

"Aji bakwai ka yi ko? Ni sau uku na je Makka." Bai ko duba ba.

Ɗaya baƙon ya ce, "Alhaji, ashe da limaminka kake yawo." Suka yi dariya. Alhaji ya ce gobe in koma in yi oda, wanda zai ishi zauren duka.

Washegari a bas na yi ta saƙa da warwara. In ce ya ƙare? Ƙarya ce. In yi odar? To duk takalmin da ya taka, da hannuna a ciki: baƙi, direbobi, masu kawo itace, shekara da shekaru. Na isa shagon ban yanke komai ba. Na nuna wa tsohon tayil ɗin, na nuna ƙasa, na taka ƙafata don ya gane.

Ya ɓata rai fiye da ni. Ya ce na bango ne, wane mahaukaci ne zai sa shi a ƙasa? Ya ɗauko wani fasasshe marar rubutu, ya ja makulli a kai, fentin ya kwarzane nan take. Ya ce wata shida takalmi zai cinye shi. Sau uku na tambaye shi ko gaskiya ne, don ba na son in kai ƙarya ko da ta wani ce. Ya rubuta a takarda ya sa hannu.

Na karanta wa Alhaji, na nuna masa kwarzanen.

"Ka ji masu sanin abu," in ji shi. "To a sa a bango." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Shi ke nan. Bai dube ni ba. Na faɗa masa sunan Allah ne, ya mai da ni abin dariya a gaban baƙi. Aka ce masa fenti zai goge, ya yarda kafin in gama karatu.

Tayil ɗin ya daɗe a jirgi a tashar Legas, yana jiran layi a bayan jiragen siminti, amma ya iso. Aka jera shi a bangon zaure, sama da kai. Babu ƙafar da ta taɓa shi, alhamdulillahi. Baƙi kan tsaya su karanta, Alhaji ya ce musu ai shi ya zaɓo shi takanas saboda albarkar sunan. Ina tsaye a gefe da jakarsa a hannu, sau da yawa na ji wannan magana. Ko sau ɗaya ban tanka ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.