Farin Yadin Maƙwabciyarmu

Ko na tsufa na manta abin da na ci da safe, ba zan manta rigimar farin yadin nan ba. Shekarar da Inna ta zo mini wankan jego Alexandria, a jihar Virginia ta Amurka, ne abin ya faru.

A benenmu akwai wata tsohuwa baƙar fatar Amurka, ta haura tamanin, ƙofarta na kallon tamu. Inna ba ta jin Turanci, ita kuma ba ta jin Hausa, amma sai su wuni tare, wannan na surutu waccan na gyaɗa kai. Har kishi nake yi.

Bayan wata jinya da ta sha a asibiti, sai ga ta da farin yadi, don ta ga Inna na taɓa ɗinki. Ta ce in faɗa wa Inna doguwar riga take so, fara sol, kafin watan Nuwamba. Tana fita Inna ta zauna jagwab.

"Baiwar Allah ta ji a jikinta," in ji Inna. "Likkafani ne. Ai su da riga ake binne su. Ni dai ba da hannuna ba."

Daga nan Inna ta shiga kwana-kwana. Yau zare ya ƙare, gobe ido na ciwo. Sai dai kullum sai ta dama kunu ta kai wa tsohuwa, ta dawo tana share hawaye. Tsohuwa kuwa ta ɗauka an raina ta ne, har ta daina shigowa. Abin ya dame ni ƙwarai, don zumuncin nan nasu shi ke riƙe da Inna a ƙasar da ba ta san kowa ba.

Na cire kunya na je na faɗa wa tsohuwa abin da Inna ke tsoro. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ja ni muka koma wurin Inna, na zama tafinta.

Ashe kakarta wankau ce. Lokacin da mata suka yi jerin gwano a Washington a 1913 suna neman a ba su damar zaɓe, da yawa sanye da fararen kaya, aka ce baƙaƙe su koma baya. Kakar ta goge farar rigarta ta shiga sahu duk da haka. Doka ta ba mata dama a 1920, amma a Virginia aka ci gaba da tare baƙaƙe da harajin zaɓe da jarrabawar karatu, har ta rasu ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba.

"Shi ya sa nake zuwa zaɓe da fari," in ji tsohuwa. "Tsohuwar rigata ta yi mini yawa tun da na rame."

Inna ta ce, "To ke ba sai ki faɗa ba? Miƙo mini almakashi."

Ranar zaɓe tsohuwa ta saka riga, ta ji hannunta ya faɗa cikin wani ƙaton aljihu da ba ta ce a yi ba. Ta dubi Inna.

"Faɗa mata likkafani ba shi da aljihu," in ji Inna. "Wannan ta masu sauran kwana ce."

Da yake doguwar tafiya na yi mata wuya tun jinyar, Inna ce ta tura ta a keken marasa lafiya har bakin rumfar zaɓe. Tun ranar na koyi cewa kafin ka yi wa mutum kuka, ka tambaye shi inda ya nufa.