Tsohuwar da Ke Shinshina Tsamiya

Malam Maazou akawu ne, ba ya sayen abu sai ya karance rubutun jikinsa tas. Yau yana kantin Indiyawa a Wendover, can ƙasar Turawa, riƙe da kwalin tsamiya mai kyan hoto, gargaɗin matarsa Dalila na yi masa amo a kunne: "Malam, in ka sake kawo marar tsami, kai kaɗai za ka sha kununka."

A gefensa ga wata tsohuwa Ba'indiya, gajeriya, cikin takalmin gudu da ya yi mata yawa, wataƙila na jikarta ne. Ita ba ta karanta komai. Tana ɗaga curin tsamiya, ta latsa da babban yatsa, ta kai hanci, ta yamutsa fuska ta ajiye. Kwandonta cike yake da kuɓewa, yalo da wake iri-iri, nama ko ƙyallinsa babu. Maazou na ayyana gidan da ake gama cin abinci ba a tauna ƙashi ba, har tausayi ya kama shi.

Sai ta leƙo kwalinsa.

"Wannan alawa ce," ta ce da Turanci, ta zare shi daga hannunsa, ta danƙa masa wani baƙin curi mummuna. Ta tsuke baki, ta runtse ido ɗaya alamar tsami, ta wuce abinta.

Maazou ya jujjuya curin, ba harafin da ya iya karantawa a jikin ledarsa. Ya waiga hagu da dama, sannan ya kai hanci. Nan take yawu ya cika masa baki. Yau kam Dalila za ta taya shi shan kunu.