Kwandunan Tumatir a Gidan Mai Gadon Sama

Ni dai ban taɓa ganin mutane masu son ba da labarin kansu kamar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ba. Kwalejin horar da malamai ce ta mishan, can kudu da mu, ni kuwa ina cikin 'yan tsirarun Musulmin da iyayensu suka rufe ido suka tura. Mun fito tun gashinmu yana baƙi, ga shi yanzu duk furfura, amma ƙungiyarmu ba ta gaji da tambayar wa ya zama me ba.

Da farko takarda ce ake bugawa da tafireta sau ɗaya a shekara, ta iso ta gidan waya. Wane ya yi aure, wance ta haifi tagwaye. Da muka fara ajiye tumbi sai labarin ya koma na muƙami: wane ya zama hedimasta, wane darakta, wance ta tafi ƙaro karatu ƙasar waje. Daga nan aka koma kan 'ya'ya, kowa ɗansa likita ne ko injiniya, har na fara tambayar kaina wa ya haifi masu facin taya da nake gani a Kura. Yanzu da aka zuba mu a guruf ɗin wasaf, labarin iri biyu ne kawai: jikan wane ya gama jami'a, ko kuma wane ya rasu.

To, a wajen rasuwa ake ganin zumuncinmu. Nan da nan za a fitar da anko, a ɗauki shatar mota, a tafi ko ina ne. A tsaya bakin kabari a rera waƙar makaranta, a hankali, ana jan ta ana share hawaye, sannan a ɗauki hoto a zuba a guruf. Mutumin da aka yi shekara da shekaru ba wanda ya leƙa shi, ranar ya zama ɗan'uwa na jini. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Ni nawa labarin a wurinsu bai wuce tumatir ba. Tun da na yi ritaya na koma noman rani a Kadawa, duk lokacin da tumatir ya cika kasuwa wayata ba ta hutawa. Da na ji an ce, "Alhaji, kwana biyu, ya iyali?" na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaisuwar ba ta ƙarewa sai da, "Don Allah a saka mini kwando ɗaya a mota."

A cikinmu akwai wanda sunansa ya daɗe bai fito a labarin kowa ba. A makaranta gadonmu ɗaya, irin mai hawa biyu, shi a sama ni a ƙasa. Kirista ne ɗan fasto, amma idan azumi ya zo shi yake ɓoye mini abincin sahur don kada 'yan kicin su kwashe. Shi ne kuma mai ba da waƙa a taron safe, da wata murya da ke tashin wanda ke gyangyaɗi. Da muka gama aka turo shi koyarwa wani ƙauye kusa da Bunkure, bakin babban kanal na ruwan noman rani, ya zauna bai sake tashi ba. Bai zama darakta ba, bai je ƙasar waje ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa wajen neman abinci, sai kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Maƙwabtansa, waɗanda yawancinsu ya koya wa karatu, su ke juya shi, su ke kawo masa koko.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je duba shi, na tarar an kwantar da shi a tabarma gindin darbejiya. Ya ce in karanta masa abin da ake ciki a guruf, don idonsa ba ya ganin rubutun waya. Na nuna masa hoton jana'izar wani ɗan ajinmu. Sai ya ce da bakinsa da ya karkace, "Mutumina, ni ma na san za su zo mini. Amma ka gaya musu su zo su yi waƙar nan tun ina ji."

A ranar na rubuta a guruf, ban ɓoye komai ba. Me na samu? Hoton hannuwan addu'a, ɗaya bayan ɗaya, kamar an buɗe ƙofar ruwa. Sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce, "Alhaji, kada ka damu, za mu saka shi a ajandar taro mai zuwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ciwon nan bai san ajanda ba." Ya yi dariya, ya ce ban canza ba. Wata da ta yi mana shugabar ɗalibai mata, wadda har yau kowa ke ce wa Madam, ta ce gwiwarta ba ta son doguwar tafiya. Gwiwar nan kuwa a watan da ya wuce ta kai ta jana'iza har bayan Kafanchan. Kafin kwana biyu saƙona ya nutse ƙarƙashin hotunan bikin sunan jikar wani.

Na sake rubutawa. Na bi wasu da waya ɗaya-ɗaya. Kowa sai ya ce yana cikin addu'arsu. Na yarda da addu'a, amma ai zumunci a ƙafa yake.

Ana haka tumatir ya faɗi warwas. Kwanduna jere a bakin titi ba mai tayawa, wasu manoman ma sun bar nasu yana ruɓewa a gona. Wayata ta fara ƙara kamar yadda ta saba. Ina tsaye a bakin kanal raina a ɓace, sai dabara ta faɗo mini. Na rubuta cewa bana tumatir kyauta ne ga duk ɗan makarantarmu, har da albasa, amma ba zan saka wa kowa a mota ba. Mai so ya zo ranar Asabar ya ɗauka da kansa. Na ba da kwatance. Ban ce gidan wa ba ne.

Ranar Asabar tun hantsi motoci suka fara shigowa ƙauyen. Gwiwar Madam ta warke. Sakatare ya zo da buhuna a but ɗin motarsa, wai ko za a samu shinkafa. Ni kuwa na sa an jera kwandunan a tsakar gida, ta yadda ba mai isa gare su sai ya wuce ta gaban tabarmar nan. An yi wa mutumina wanka, an sa masa farar riga, an jingina shi da bango, sandarsa a hannun da ke aiki.

Madam ce ta fara gane shi. Ta tsaya cak, ta dafe ƙirji, ta ce, "Wayyo ɗan'uwa, haka ka koma?" Sauran suka yi cirko-cirko, kowa yana kallon ƙasa. Sakatare ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Alhaji, ka yi mana tarko." Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ba mai taɓa kwando sai an yi waƙa."

Suka jeru suka ɗauko ta, yadda suka saba, a hankali, ana ja. Ba su kai ƙarshen layin farko ba mutumina ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai! Wa ya mutu? Haka na koya muku?" Ya fara buga sandar da sauri, irin yadda muke yin ta a taron safe muna yara, ana tafi ana buga ƙafa. Da suka kai baiti na biyu sai muryoyi suka fara ɓacewa, don a bakin kabari baitin farko kawai ake yi. Shi ya ja su. Kalmomin ba sa fita daidai, amma bai manta ko ɗaya ba. Madam tana kuka tana tafi. Maƙwabta suka cika ƙofar gida suna kallon tsofaffi suna rawa tsakanin kwanduna. Sau uku ya sa aka maimaita.

Da yamma Sakatare ya zuba hoton mutumina a guruf, sanye da farar rigar nan. Waɗanda ba su zo ba, ko karanta abin da aka rubuta a ƙasa ba su yi ba, suka fara turo ta'aziyya. Na kusa jefa wayar cikin kanal. Da na gaya wa mutumina, ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ƙyale su, sun rage wa kansu aiki."

Da damina ta sauka ya rasu. Aka fitar da anko, aka ɗauki shatar mota, aka cika maƙabartar cocin. Ni ina tsaye daga baya da hulata, tare da maƙwabtansa. Da fasto ya gama addu'a, Sakatare ya gyara murya ya ɗauko waƙar, a hankali, yana ja. Ban san lokacin da na taka zuwa gaba ba. Sandarsa tana hannuna, don ni ya bar wa. Na buga ta a ƙasa da sauri, na sake bugawa. Madam ta juyo ta kalle ni, ta share fuska da bakin zaninta, ta fara tafi.