Kwanar da ta ciyar da ƙauyenmu

Har yau in na ji ƙaurin birkin babbar mota, sai abinci ya fita raina. Kai da ka taso a birni ba za ka kula da shi ba. Mu a ƙauyenmu, wannan ƙauri albishir ne.

Ina 'yar ƙarama ruwan dam ya taso ya shafe tsohon garinmu na bakin Kwara. Aka kwashe mu zuwa tudu, can bayan Wara, aka zuba mu cikin gidajen siminti masu zafi kamar tanda. Fadamar albasa ta tafi, gonar shinkafa ta tafi. Ƙasar da aka ba mu tsakuwa ce zalla, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa.

Sai dai mun samu hanya. An yanko ta daga kan dutse, ta miƙe sambal tana gangarowa, babu rami ko ɗaya. Direba in ya hango ta sai ya cire giya don tsimin mai, ya bar mota ta sheƙa. Ba ya ganin cewa a ƙasan gangaren, bayan wani ƙaton dutse, hanyar ta karya hagu farat ɗaya. Kuma maimakon ta jingina wajen dutsen, sai ta karkata wajen kwazazzabo. Direbobin Yelwa sun san ta, tun daga sama suke rarrafowa. Baƙi ne ke faɗawa, masu bodin katako da kaya ya yi musu tozo. Su taka birki har ya ƙone, motar ta ɗaga ƙafa, ta kwanta.

Mota ta farko, kowa ya ruga ceto. Sai da aka kwashe masu rauni, sannan mata suka tsince gishirin da ya zube. Ta biyu, an raba hannu. Kafin damina ta zagayo, kowane gida da buhu a rataye bayan ƙofa, an daina tambayar ko akwai mai rai.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce mai goya ni, mai ɓoye mini ƙuli a bakin zane. Na gan ta ranar da motar manja ta kife. Direban na danne daga ƙugu zuwa ƙasa, hannunsa a miƙe kan hanya, yana cewa, "Inna, ruwa." Ta ɗaga zanenta kada ya ɓaci, ta tsallake hannun, ta jawo garwa. Baba ne ya kawo masa ruwa a hularsa. Direban bai kai la'asar ba.

Washegari Baba ya kwaɓa farar ƙasa, ya shafe duwatsu, ya jera su tun daga saman gangaren, ya kafa sanda da jan tsumma. Duk ranin nan ba motar da ta faɗi. Gishiri ya ƙare a gidaje, fitilu suka mutu ba kananzir.

Baffa, wan Baba, ya shigo gidanmu ko zama bai yi ba.

"Ruwa sun ci gonakinmu," in ji shi, "Allah ya buɗe muna wata ƙofa, kai ko ka tashi ruhe ta. Ɗiyanka tsakuwa za su ci?"

Baba ya ce, "Yaya, waɗanga da ka mutuwa, su ma ɗiyan wasu na."

Aka mirgine duwatsun cikin kwazazzabo. Ya sake jerawa, aka sake mirginewa. Ya kira gayya, ba wanda ya zo. In Inna, mahaifiyata, ta isa rijiya, mata su naɗe gugarsu su juya baya. Da duwatsu suka gagara zama, sai ya riƙa tsayawa da kansa ranar kasuwa, yana kaɗa jan tsumman.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwan farko da safe, jar ƙasar hanyar ta yi santsi kamar an zuba yauƙi. Motar shinkafa ta taho da gudu. Direban ya ga Baba, ya taka birki, gindin motar ya juyo ya share shi, sannan ta kife. Na ruga bayan Inna. Baba na kwance a gefen hanya, idonsa buɗe, mutanen da suka yi wasan ƙasa tare da shi suna ratse shi da buhuna a ka. Inna na ihu a zo a kama mata. Baffa ya kai buhunsa rumbu, ya rufe, sannan ya dawo da makara.

A zaman makoki kowane gida ya aiko da akushin shinkafa. Ba mai shinkafa a garin kafin ranar da motar ta kife. Inna ba ta taɓa ba. Kaka ta ci, ta side hannu, ta ce, "Na hana shi, bai jiya ba."

Da Inna ta fita takaba ta kwashe mu zuwa Yelwa wurin danginta, ba ta sake taka garin ba har ta rasu.

Bara na bi ta wurin. An fasa dutsen, an buɗe kwanar, an shimfiɗa kwalta, an gyara karkatar. Yanzu jikokin garin ne ke tara ƙasa a tsakiyar hanya don motoci su tsaya su sayi bandar kifi. Wani tsoho ya leƙo ta tagar motarmu, bai gane ni ba. Ya nuna mana wurin da sandarsa, ya ce a da nan mahallaka ce, ba don mutanen garin nan ba da direbobin da suka mutu sun fi haka. Fasinjoji suka yi ta sa masa albarka. Na san shi sarai. Gidansu ne ya fara aiko da akushi.