Ciyawar da Rago Ya Ƙi

Goggon maigidana ta zo mana Garwa a shekarar da mutanen ƙauyukan gaba da Mora suka watse saboda masu kai hari. Ƙanwar mahaifinsa ce, kuma sunan babanta aka sa masa, shi ya sa ba ta kiran sa sai "Babana". Ta sauko daga mota da ƙullin kaya ɗaya da buta. Ba mu tambaye ta abin da ta gani ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ba ta cin abinci. Gidanmu gidan mahauta ne, ba mu san wata hanyar girmama baƙo ba sai nama. Kullum Malam, maigidan nawa, zai dawo daga mayanka da hanta ko bindi, wata rana kilishi mai zafi a takarda. Ni kuma in zage in yi farfesu, in dafa shinkafar Yagwa, in kai mata a sabon kwano. Sai ta buɗe, ta ce "Allah ya yi albarka," ta rufe, ta tura wa yara. Muna ganin haka sai mu ce ko naman ne bai yi mata ba, gobe a canza wani. Mun kai ta lopital, likita ya ce bai ga ciwo ba, ya ba mu maganin sa cin abinci. Awarwaron hannunta da ke tsayawa a wuyan hannu ya koma yana zamewa har gwiwa in ta ɗaga hannu za ta yi kabbara. Nakan kawar da kai don kada ta ga idona.

Gab da Babbar Salla Malam ya sayi rago a wata kamiyo, babbar motar kaya, da ta taso daga wajen Kusiri. Masu ɗauko dabbobi sukan zuba rairayi da busasshiyar ciyawa a cikin mota saboda santsi. Malam ya kwaso rungume guda daga wadda ba a taka ba, wai ragon ya ci abin da ya saba. Ragon ya shinshina, ya ture da hanci, ya juya mana baya. Na zo da tsintsiya zan share, na taka ta, sai wani ƙamshi ya tashi, kamar na ɓawon lemo amma ya fi shi kaifi.

Goggo tana kwance a tabarma, sai ta ɗago kai. Ta ce, "'Yar nan, miƙo min wancan."

Wani ɗan cunkus ne na ciyawa, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, ganyen siri-siri duk ya nannaɗe, saiwar da sauran rairayi a jikinta. Ta murza a tafin hannu, ta kai hanci, ta daɗe a haka.

"Nobe ne," in ji ta.

Malam ya ce, "Goggo, na rago ne fa. Shi ma ya ƙi."

"Babana, kai ban da nama me ka sani? Ko jinjiri aka kawo maka, tsire za ka miƙa masa."

Tun zuwanta ba ta taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Malam ya yi dariya har yana riƙe hula, ni kuwa na kasa.

Ta ce a wajensu nobe yana fitowa inda ba abin da ke yarda ya fito, kowanne a gindinsa shi kaɗai, rana ta ƙone shi ƙurmus, ruwan farko na sauka ya sake yin kore. Da shi aka dafa mata ruwa a duk haihuwarta. Sai ta tambaye ni ko akwai gero a gidan. Akwai, amma ban taɓa tunanin kai wa babbar baƙuwa kunun gero tsura ba. Ai da kunya ta kama ni.

Da kanta ta wanke ciyawar, ta sa na tafasa, na tace, na dama kunu da ruwan. Na ɗauko sukari, ta girgiza kai. Tana sha a hankali tana ba ni labarin rijiyar ƙofar gidanta, da wata maƙwabciyarta da har yanzu ba ta san inda ta nufa ba. Hawaye na zubo mata, ludayin bai tsaya ba. Da ta gama ta miƙo min ƙwaryar, na ɗauka ta ƙoshi ne, ashe ƙari take so.

Washegari ta ce a yi mata tuwon gero da miyar kuka, kada a sa nama. Malam ya ce, "Miya ba nama a gidan mahauci? Ku rufa min asiri, kada maƙwabta su ji." Amma shi ya je tasha ya roƙi direbobin arewa su riƙa taho masa da nobe, suna ta yi masa tsiya wai mahauci ya koma kiwo.

Ba a rana ɗaya jikinta ya dawo ba. Wani lokaci ta ci, wani lokaci ta zauna da kwanon a gabanta ba ta taɓa ba, ni ma in zauna kusa da ita ina tsinkar zogale. Ranar da ta ɗanɗana miyata ta ce, "'Yar nan, gishirinki ya yi yawa, ba ni ludayin nan," na miƙa mata, na shiga ɗaki na yi raka'a biyu.