Sangen da aka ɗaura wa zogale

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, wadda ta goye ni bayan mahaifiyarmu ta bar duniya. A Gazawa an san ta da ƙuli-ƙuli, an kuma san ta da faɗa a kan sauro. Tun da masassara ta ɗauke mata ɗanta na fari ba ta sake shiri da ruwan da ya kwanta ba. Da an ɗauke ruwan sama sai ta bi gidajen maƙwabta tana kife fasassun tukwane da tsofaffin tayoyi, ba sallama ba neman izini. Matan unguwa suka sa mata jandarmar sauro, ita kuwa ko a jikinta.

Kwanan baya rediyo ya kawo labarin wata ƙwayar halitta da ke rayuwa cikin jikin sauro, wadda masu bincike ke fatan za ta hana shi ɗaukar cutar masassara. Sun ce ba ta kama mutum ko dabba, amma har yanzu suna dubawa kafin a saki irin wannan sauro cikin gari. A fadarmu, inda muke shan shayi, maganar ta hana kowa sakat. Wani makiyayi ya ce, "To in ya ciji saniyata, wa zai sha nonon?" Tambaya ce mai kyau. Ni ma, da yake malamin lakol ne, wato makarantar boko, na gyara zama na zuba bayani har shayina ya huce. Na ce dole a yi hattara, lafiyar 'ya'yanmu ba abin gwaji ba ce.

Da yayata tana raye, na san da ta fi kowa yi wa masu binciken tambayoyi. Amma sai ta fara leƙa ɗakunanmu tukuna.

Washegari na je gidan ɗiyarta Balki. Daga ƙofa na hangi sange, gidan sauron da aka raba wa masu goyo, an zagaye 'yan itatuwan zogale da shi don kada awaki su cinye. Haka rabin unguwar ke yi, na sha wucewa ban ce uffan ba. A ɗaki kuwa ƙaramar ɗiyar Balki, wadda muke kira Ummi, tana kwance jikinta kamar garwashi, ko ido ba ta iya buɗewa.

"Kawu, awakin ne suka dame mu," in ji Balki, kanta a ƙasa.

Ban iya yi mata faɗa ba. Da wane bakin? Muna tsoron sauron da ba a ma sake shi ba, wanda muka sani kuwa mun buɗe masa ɗaki, mun kare ganye. Kunya ta rufe ni, har yau ba ta sake ni ba.

Me ya rage na yayata? Tukwanen da ta kife an tayar da su, faɗanta babu wanda ya gada. Suna kawai ya rage. Na ɗauki yarinyar a kabu-kabu zuwa gidan likita, ma'aikaciyar ta tambaye ni sunanta na yanka. Ummi takwarar kakarta ce, shi ya sa muke sakaya sunan. Ni kuwa tun ina goye ban taɓa furta shi ba, Yaya nake cewa. Ranar dai ba makawa. Ina rungume da yarinyar tana rawar sanyi na ce, "Rabi."